Yadda za ka tono abin da aka rubuta kan Adar

Ɗalibin da ya fito daga Deule, Buza ko Madawa, in ya zo rubuta kundin kammala karatu a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kukansa ɗaya ne: wai ba a yi rubutu kan yankinsu ba. An yi, har da yawa. Iya tambaya ne ya gagara.

Da farko ka rabu da akwatin nan guda na shafin farko. Ko a rumbun Persée kake, ko HAL, ko Horizon na cibiyar IRD, ko AGRIS na hukumar FAO, nemi inda aka rubuta "recherche avancée". Nan ne ake ware gurbin sunan marubuci, na kan magana da na shekara.

Babban tarko shi ne sunayen garuruwanmu. Kowane Bature da yadda kunnensa ya jiyo. Wani ya rubuta Ader, wani Adar. Wani Maggia, wani Majjia. Marigayi Djibo Hamani da Adar ya yi aiki a littafinsa na 1975, Nicole Echard kuwa da Ader. Ka zaɓi ɗaya, ka yi asarar rabin abin da ke akwai. Haɗa su da OR, da manyan baƙaƙe: Ader OR Adar. In Deule bai ba da komai ba, gwada Déoulé, sannan ka hau sama zuwa Bouza, domin masu bincike sun fi ambaton babban gari.

Keita kuma nata rikicin daban ne. Rubuta sunan tsurarsa, sai ga Modibo Keita da Salif Keita na Mali sun cika maka fuska. In aikin farfaɗo da ƙasa na Keita kake nema, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, sa "Ader Doutchi Maggia" tsakanin alamun zance, don kalmomin su zo a jere, ka kuma taƙaita shekaru daga 1984 zuwa sama.

Masu nazarin albasar Galmi su kula: kalmar niger tana cikin sunan Aspergillus niger, cutar nan mai baƙanta albasa a rudu. In ba ita kake bi ba, kore kalmar Aspergillus da NOT, ko SAUF a wasu rumbunan Faransanci.

Alamar tauraro tana rage wahala: irrig* zai kawo irrigation da irrigué gaba ɗaya. Amma kada ka kuskura ka rubuta Niger*, Najeriya ce za ta rufe ka. Google Scholar ma bai san tauraron ba, kuma a can ƙaramin layin debewa ake sawa gaban kalmar da ba a so.

Jerin kalmomin da ya yi maka aiki, rubuta shi a littafinka. Takardun kuma sauke su tun kana Tawa inda rezo ke da ƙarfi, kada ka bari sai ka koma gida hutu.