Sandarewar Wasa a Na'urorin PlayStation: A Gano Tushen Matsala Kafin a Biya Kuɗin Gyara

Gidajen gem sun zama sana'a sananniya a garin Daura da sauran garuruwan masarautar, irin su Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure, inda matasa ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo ko na faɗa a kan na'urorin PlayStation, waɗanda akasarinsu na hannu ne da aka shigo da su bayan sun yi aiki a wasu ƙasashe. Ƙorafin da ya fi yawa a wannan sana'a shi ne wasa ya tsaya cak ana tsakiyar bugawa, hoto ya sandare, sauti ya riƙa maimaita kansa, ko kuma motsi ya riƙa tsinkewa har ɗan wasan da ke kan allo ya ƙi bin umarnin fad ɗin da ake sarrafa wasa da shi, matsalar da matasa ke kira hukin. Da zarar haka ta faru, mai gida kan ɗauki na'urar ya nufi wurin mai gyara, alhali matsalar tana da tushe uku da ba su da alaƙa da juna: ko dai aibin yana cikin rubutun wasan, ko yana jikin na'urar, ko kuma yana cikin wutar lantarki da intanet ɗin da na'urar ke dogaro da su. Mai gyara yana da iko a kan na biyu ne kawai, don haka duk wanda bai tantance tushen ba kafin ya biya kuɗi, yana iya sauya kayan da lafiyarsu lau.

Yadda motsi ke samuwa da abin da ake nufi da dashe

Motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne da na'ura ke zanawa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin wasanni an tsara su ne su fitar da hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Idan wasa yana neman hoto 60, na'ura tana da kusan kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ne kacal ta lissafa inda kowane ɗan wasa yake, da inda ƙwallo za ta faɗa, da yadda haske da inuwa za su kwanta, sannan ta zana hoton, idan kuwa 30 yake nema tana da kusan kashi 33. Duk lokacin da lissafin ya wuce wannan wa'adi sai hoton baya ya daɗe a allo, ido ya ga tsinkewa, idan kuma lissafin ya tsaya jiran bayanin da bai iso daga rumbun ajiya ba, ko ma'adanar wucin gadi da ake kira ram ta cika, sai wasa ya sandare ko ya rufe kansa.

Dashe kuwa shi ne ɗaukar wasan da aka gina domin wata na'ura a sake tsara shi domin ya yi aiki a kan wata, kamar daga kwamfuta zuwa PlayStation, ko daga PlayStation 5 zuwa PlayStation 4. Kamar irin da aka cire daga fadama aka dasa a jigawa, wasan yana iya kamawa idan an rage masa buƙatu daidai da ƙarfin sabon wurin, yana kuma iya yanƙwanewa idan an yi aikin cikin gaggawa. Tazarar da ke tsakanin na'urorin ba ƙarama ba ce, domin PlayStation 4 da ta fito a 2013 tana da ram gigabait 8 da rumbun ajiya mai faifai mai juyawa, yayin da PlayStation 5 ta 2020 ke da gigabait 16 da rumbun SSD, wanda ba shi da wani abu mai motsi a ciki kuma yana karanta bayanai da saurin da ya ninka na tsohon sau da yawa.

Misalan da duniya ta shaida

Babu misalin da ya fi fitowa fili kamar wasan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, wanda ya fito a ranar 10 ga Disamba 2020 yana gudu yadda ya kamata a manyan kwamfutoci, amma yana tsinkewa da sandarewa a kan PlayStation 4 ta asali, saboda birnin da ke cikin wasan yana neman bayanai fiye da yadda tsohon rumbu da tsohuwar ƙwaƙwalwar na'urar za su iya kawowa. Cikin kwanaki kaɗan kamfanin Sony ya cire wasan daga kantinsa na intanet ya kuma mayar wa masu saye kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yuni 2021, kuma ko a lokacin ya gargaɗi masu PlayStation 4 ta asali cewa za su ci gaba da ganin matsala. Tun kafin nan, wasan Skyrim da ya fito a Nuwamba 2011 ya riƙa nauyi a kan PlayStation 3 gwargwadon yadda fayil ɗin ci gaban mai wasa ke girma, domin ram ɗin wannan na'ura a rabe yake gida biyu, megabait 256 na aikin gaba ɗaya da megabait 256 na zane, alhali Xbox 360 tana da megabait 512 a dunƙule.

Masu sha'awar ƙwallo ma sun ɗanɗana irin wannan a ranar 30 ga Satumba 2021, lokacin da kamfanin Konami na Japan ya maye gurbin jerin wasannin PES da eFootball 2022, bayan ya sauya injin da yake gina wasan a kai, wato tsarin manhajar da ke kula da zane da motsi, kuma kurakuran da suka bayyana sun sa kamfanin ya nemi afuwa a fili. Abin lura a dukkan waɗannan misalai shi ne na'urorin lafiyarsu ƙalau, kuma maganin bai zo daga wani shagon gyara ba, ya zo ne daga kamfanonin ta hanyar faci, wato ƙarin fayil da ake saukewa daga intanet domin ya gyara kurakuran rubutun wasa.

Akwai wani nau'in da ya fi shafar gidajen gem na Arewa, shi ne wasannin ƙwallon da ake ganin suna ɗauke da 'yan wasan kakar bana a kan tsofaffin na'urori. FIFA 14 da PES 2014 su ne na ƙarshe da kamfanoninsu suka fitar domin PlayStation 2, FIFA 19 da PES 2018 kuma su ne na ƙarshe domin PlayStation 3, saboda haka duk wanda aka gani da sabuwar shekara a kan waɗannan na'urori tsohon wasa ne da wasu masu sha'awa suka cusa wa sababbin riguna da fuskoki da filaye. Irin wannan ƙari yakan fi ƙarfin ram, kuma babu kamfanin da zai aiko masa da faci, shi ya sa yakan sandare a wuri guda, musamman idan aka zaɓi wata ƙungiya ko wani fili.

Zafi da ƙura da wutar lantarki

Kamfanin Sony ya ƙayyade cewa PlayStation 4 da PlayStation 5 su yi aiki a yanayin da bai gaza digiri 5 ba kuma bai wuce digiri 35 ba a ma'aunin Selsiyos, alhali a Daura zafin rana yakan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, balle a shagon da aka rufa da kwano, ga jama'a cike, ga talabijin da dama suna fitar da nasu zafin. Ƙurar hunturu, wadda ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan shiga ta ƙofofin iska ta manne a fuka-fukan fanka, ta kuma toshe tsakanin siraran ƙarafan da ke zuƙe zafi daga ƙwaƙwalwar na'ura, har ta zama kamar auduga mai launin ƙasa, ta yadda na'urar ke shiga bazara numfashinta a toshe. Alamar wannan ita ce ƙarar fanka ta yi ta ƙaruwa, wasa ya fara lafiya sannan ya lalace bayan an jima, daga bisani saƙon gargaɗin zafi ya fito ko na'urar ta kashe kanta.

Wutar lantarki tana da nata kason, domin masarautar Daura tana cikin yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa wuta, kuma gidajen gem kan haɗa da janareto ko sola idan an ɗauke. Illar ba a rashin wutar take ba, a yankewarta kwatsam take, saboda idan na'ura ta mutu tana cikin rubuta bayani a rumbu, fayil ɗin yakan lalace, kuma idan abin ya yawaita rumbun kansa yakan samu gurbin da ba ya karantuwa. Tsinkewar wasan da ake bugawa ta intanet kuwa daban take, domin jinkirin saƙo ne tsakanin na'ura da babbar kwamfutar kamfani da ke nesa, kuma ana gane ta da cewa wasan yana gudu lafiya idan mutum biyu suka buga shi a allo ɗaya.

Yadda ake tantancewa

Gwajin farko ba ya cin ko sisi, domin abin da ake buƙata shi ne a lura da lokaci da wurin da wasa ke sandarewa. Idan wasa ɗaya ne ke yi, kuma a wuri ɗaya, sauran wasanni suna gudu sumul, to a gwada shi a kan wata na'ura irinta, idan nan ma ya maimaita, aibin na wasan ne ko na kwafin da aka zuba. Idan kuwa dukkan wasanni ne ke lalacewa bayan na'ura ta ɗauki zafi, su kuma daidaita bayan ta huta, matsalar sanyaya ce. Idan lodi yana daɗewa fiye da da, ciyawar fili da fuskokin 'yan wasa suna makara kafin su bayyana, ko ana jin ƙaramar ƙara mai maimaituwa daga ɓangaren rumbu, to rumbun ne ya fara gajiya. Lambar CE-34878-0 da PlayStation 4 kan nuna tana nufin wasa ya rushe ne kawai, ba ta faɗin dalili, don haka ba hujja ba ce ta sauya wani abu a jikin na'ura.

Matakan da ya kamata a bi

Ya dace a fara da mafi arha a ƙare da mafi tsada. Da farko a sauke facin wasa da na manhajar na'ura, domin wasan da ke kan faifai shi ne sigar ranar farko da dukkan kurakuranta, kuma ya fi kyau a bar sarari mai yawa a rumbu, tunda PlayStation 4 takan buƙaci wuri domin kwafe fayilolin wasa yayin saka faci. Na biyu a sake tsara jadawalin rumbu, wato a kashe na'ura gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu bayan kimanin daƙiƙa 7, a haɗa fad da wayar USB, sannan a zaɓi layin da aka rubuta Rebuild Database, wanda ba ya goge wasanni. A kiyayi layukan da suka fara da Initialize, domin su kan share duk abin da ke cikin na'urar. Idan wasa ɗaya ya ci gaba da ba da matsala, a ajiye kwafin ci gaban da aka samu a filashi, a goge wasan a sake zuba shi daga tushe mai inganci.

Ta fuskar zafi, a ɗora na'ura a kan tebur maimakon ƙasa ko kafet, a bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, kada a rufe ta cikin akwati ko a jera ta a kan wata tana aiki, a kuma lulluɓe ta da ƙyalle idan an kashe ta da daddare. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin da ya fi dacewa a kai ta a buɗe a share ƙura shi ne ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, bayan hunturu ya janye kafin zafi ya kankama, kuma idan tsohuwar PlayStation 3 ce ko 4 a nemi a sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, saboda yakan bushe da shekaru. PlayStation 5 kuwa ruwan ƙarfe aka saka mata a maimakon wannan man, kuma yana ɗaukar lantarki, ɗigonsa a kan allon lantarkin da ke cikin na'ura yana iya ƙona ta, saboda haka kada a miƙa ta ga wanda bai taɓa buɗe irinta ba.

Ta fuskar wuta, na'urar riƙe wuta ta UPS ta fi sitabilaiza amfani, domin sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta ne kawai, ita kuwa UPS tana ba da 'yan mintunan da za a kashe na'ura bisa ƙa'ida ko a tayar da janareto, kuma a zaɓi wadda ƙarfinta ya zarce jimlar buƙatar na'ura da talabijin, ganin cewa samfurin farko na PlayStation 5 mai karanta faifai an ƙiyasta masa wat 350. Idan gwaji ya nuna rumbun PlayStation 4 ya gaji, ana iya sauya shi da SSD mai inci 2.5, wanda zai rage daɗewar lodi da makarar hotuna, sai dai ba zai ƙara wa ƙwaƙwalwar na'ura ƙarfin da ba ta da shi ba. A kan PlayStation 5, wasanni da dama suna ba da zaɓi tsakanin kyawun hoto da saurin motsi, kuma ga wasan ƙwallo ko na faɗa saurin motsi ne ya fi dacewa.

Wasan da aka yi wa mummunan dashe, kamfaninsa kuma ya daina fitar masa da faci, ba shi da magani a shagon gyara komai ƙwarewar mai gyaran, kuma abin da ya rage shi ne a koma sigar da aka gina domin wannan na'ura, ko a tara kuɗin na'urar da ta fi ƙarfi. Ana kira ga masu gidajen gem su riƙa rubuta sunan wasa da lokacin da ya sandare kafin su je gyara, masu gyara kuma su riƙe amana su gaya wa abokin ciniki gaskiya idan laifin ba na na'ura ba ne.