Yadda Ake Zaɓen Kamshaf Ga Tsohuwar Toyota Mai Kamshaf Biyu

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mai tsohuwar mota a Jibiya ya san lallaɓa ta zai yi. Idan Corolla ko Carina E kake ja daga Katsina, ka bi ta Magama ka tsallaka Ɗan Isa zuwa Maraɗi, mai yiwuwa injin 4A-FE ne a cikinta, mai lita 1.6 da bawul 16, wanda Toyota ta fito da shi a 1987. Kamshaf biyu gare shi: ɗaya na buɗe bawul ɗin shan iska da mai, ɗaya na buɗe na fitar da hayaƙi.

Kafin ka taka kasuwa, karanta lambar da ke jikin injin. Akwai ɗan uwansa 4A-GE na 1983, shi ma mai kamshaf biyu, kuma samari na sha'awarsa saboda gudu. Kamshaf ɗinsa ba ya shiga kan 4A-FE ko kusa. A 4A-GE bel ɗin taimin ke juya duka biyun; a 4A-FE na hayaƙi kaɗai bel ke juyawa, shi kuma ya juya ɗan uwansa da haƙoran giya. Duk wanda ya ce maka za a yi dabara a haɗa, riƙe kuɗinka.

Sai ka tambayi kanka aikin da motar ke yi. Kamshaf mai dogon tozo, wanda ke barin bawul a buɗe ya daɗe, yana ƙara ƙarfi ne idan inji ya yi sama sosai, amma yakan rage shi a ƙasa, sulo ya lalace, shan mai ya ƙaru. Motar da ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi, tana tsayawa tana tashi a shingen jami'ai, ƙarfin tashi take buƙata. A ganina, direban wannan hanya ba shi da abin da ya fi kamshaf ɗin asali mai lafiya. Idan dole sai an gauraya, to a tsaya cikin dangi, wato 4A-FE da 5A-FE da 7A-FE, kuma ko a nan ɗin sai an gwada, domin kan injin farko ya bambanta da na wajajen 1992 zuwa gaba.

Wajen saye, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohon naka a hannu. Jera su a kan benci, ka duba tsawo, da haƙoran giya, da gindin da ke karɓar distiributa. Goge tozon da tsumma ka bi shi da farce. Idan farce ya maƙale a tsagi, ko ka ga ƙananan ramuka, ko ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi alamar ya taɓa aiki babu baƙin mai, ajiye shi. Auna tsayin kowane tozo da maikiromita, guda takwas a kowane kamshaf. Ɗaya ya gaza 'yan uwansa, silinda ɗaya ta rame ke nan. Ƙurar hunturu da ke kutsawa cikin baƙin mai ita ke cin wannan ƙarfe a hankali, shi ya sa ido kaɗai ba ya wadatarwa.

Wurin kwancewa ne aka fi yin ɓarna. Giyar kamshaf ɗin shan iska falle biyu ce, da sifirin a tsakani. Kafin a ɗaga kamshaf ɗin, sai a ɗaura ƙaramin noti mai kauri milimita 6 ya riƙe fallayen biyu. In an manta, sifirin ya saki, injin ya dinga ƙara bayan an haɗa. Murafen da ke danne kamshaf kuwa kowanne da lambarsa da kibiyar da ke nuna gaba. Tare da kan injin aka huda su a masana'anta, saboda haka ba a musanya su, ba a kuma aro na wani injin.

Wajen haɗawa, shafa baƙin mai a tozo da mazauni, daidaita alamomin giyar biyu, sannan a ɗaure murafen kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, har ƙarfin ɗauri ya kai 13 Nm. A cire notin nan na riƙo. Daga nan a auna ratar bawul injin na sanyi: ta shan iska milimita 0.15 zuwa 0.25, ta hayaƙi ta ɗan fi faɗi gwargwadon shekarar injin. Sabon kamshaf kusan kullum yakan sa a canja wasu faifan shim da ke daidaita ratar.

Kada a murza makulli tukuna. A juya injin da sifana sau biyu cikakku, a ga alamomin sun dawo daidai kuma babu inda ya cije. A zuba sabon baƙin mai, a sa sabuwar filta.

Malam direba, ka tsaya a garejin ranar da za a yi aikin, ka roƙi bakanikenka ya auna ratar bawul ɗin nan goma sha shida a gabanka kafin ya rufe murfi.