Gandun tsuntsaye na Juj

A arewacin ƙasar Senegal, kusa da inda kogin Senegal yake shiga teku, akwai wata babbar fadama mai suna Juj. Tsakaninta da garin Sen Luwi kamar kilomita 60 ne. A shekarar 1971 gwamnatin Senegal ta keɓe ta don tsuntsaye. Faɗinta hekta 16.000. Ba a farauta a cikinta.

Idan sanyi ya kama a Turai, tsuntsaye sukan taso su nufo kudu. Su ƙetare teku, sannan su ƙetare hamadar Sahara, babu ruwa, babu inuwa. Waɗanda suka biyo gefen yamma, Juj tana cikin ruwayen farko da suke tararwa. Nan suke sauka, a gajiye, a rame. Wani ɗan tsuntsu daga cikinsu nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba, amma ya yi wannan tafiya duka da fukafukansa. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu fadamar cike take da baƙi.

Mai son kallo da sassafe yake fita. Yakan shiga jirgin ruwa tare da mai gadin gandu, yana riƙe da tabarau na hangen nesa da ɗan littafi. Ba a magana da ƙarfi, ba a miƙewa tsaye. Kirinjijiya tana tashi garke-garke tana fito. Ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga gauraka. A bakin gaɓa kada ya baje yana shan hantsi, gadu kuma ya ruga da wutsiya a sama.

Amma abin da kowa yake jira shi ne tsibirin kwasakwasa. Tun kafin a gan shi hanci yake sanarwa, don warin kashinsu ba dama! Dubbai ne a cunkushe. Manya farare ne, ƴaƴansu kuwa baƙaƙe. Kwasakwasa ba ta su ita kaɗai. Sukan jeru kamar baka, su kora kifi zuwa inda ruwa ba zurfi, sannan su tsoma baki gaba ɗaya su kwashe shi da jakar da ke ƙarƙashin bakinsu. Mai gadi ba ya bari jirgi ya matsa. Idan uwaye suka firgita suka tashi, rana za ta ƙona ƙwai.

Juj ta taɓa shiga hatsari. A shekarar 1986 aka gama madatsar ruwa ta Diyama, don a hana ruwan gishiri hawowa kogi, manoma su samu na shinkafa. Manoma sun ji daɗi. Sai dai ruwan gishirin nan shi ne yake kashe ciyayi a kowace shekara. Da ya daina zuwa, kacala ta yi yawa, wata baƙuwar ciyawa kuma mai yawo a kan ruwa ta rufe hanyoyi. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa Juj cikin wuraren da ake tsoron rasawa. Aka kawo wani ɗan ƙwaro mai cin ciyawar, mutane kuma suka yi ta kwasarta da hannu. A 2006 aka fitar da sunan Juj daga wannan jeri. Kacala kuwa har yanzu ana fama da ita.

Tambayoyi
1. Don mi tsuntsayen Turai suke sauka a Juj?
2. Yaya kwasakwasa take kama kifi?
3. Waɗanne tsuntsaye ne suke zuwa tabkin da ke kusa da garinku? A wane lokaci?