"An" ko "Mun"? Darasi kan rubutun jami'in hulɗa da jama'a

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar masu iya rubuta sanarwa da Hausa ta ƙaru. Da dama daga cikin ɗalibanmu za su tsinci kansu a ofisoshin hulɗa da jama'a. Darasin yau ya tsaya kan tambaya guda: a cikin jimlar da ka rubuta, wa ya ɗauki alhaki?

Nahawun Hausa ya tanadi hanyoyi uku da marubuci kan bi ya kauce wa wannan tambaya, da saninsa ko ba da saninsa ba.

Ta farko ita ce wakilin sunan da ba ya bayyana mai aikatawa: an, aka, ana, za a. Mai fassara daga Faransanci yakan faɗa masa duk inda ya ci karo da "on" ko "il a été décidé". Dubi wannan misali: "An katse ruwa a unguwar, ana kan gyara." Mai sauraron rediyo bai san wanda ya katse ba, balle ya san ƙofar da zai kai kukansa.

Ta biyu ita ce zaɓen ajin aikatau. A tsarin da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, "fasa" aji na ɗaya ne, yana neman mai aikatawa da karɓau. "Fashe" kuwa aji na huɗu ne, yana iya tsayawa ba karɓau. "Bututu ya fashe" na nuna tamkar abin ya auku da kansa. "Motar haƙarmu ta fasa bututu" ta faɗi gaskiyar lamari, muddin haka ya faru.

Ta uku ita ce lokaci mai zuwa. "Za mu gyara" alkawari ne. "Ma gyara", wato lokaci mai zuwa na biyu, ya fi kusa da tsammani, kuma kunnen Bahaushe yana jin bambancin nan take.

Ga sanarwar bayan gyara: "Mun katse ruwa a unguwar da safiyar yau, domin motar haƙarmu ta fasa babban bututu. Za mu maido da shi gobe kafin azahar. Muna neman afuwa." Matar da ke lissafin ruwan randarta ta san abin da ya faru, da wanda ya jawo shi, da lokacin da za ta jira.

Wannan ba ya nufin a kori "an" daga rubutu. Yana da gurbinsa a girmamawa da ta'aziyya, da kuma inda bincike bai gano mai laifi ba tukuna, domin ɗora alhaki ba hujja shi ma ɓarna ne. Abin gudu shi ne mayar da shi labule. Hukumar da ta saba ɓuya bayan "an" a ƙananan al'amura, ranar da annoba ko ambaliya ta zo ta ce a tashi, ƙalilan ne za su gaskata ta.

Aikin gida: ku saurari sanarwa uku a rediyo, ku ja layi ƙarƙashin kowane "an" da "za a", sannan ku tantance wanne ne ladabi, wanne ne rashin sani, wanne ne zillewa.