Shirin Sa Wutar Sola a Gida: Yadda Ake Gwada Takardun 'Yan Kwangila

Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, janareto ya zama kaya mai nauyi ga masu gidaje. Kana cikin watan Oktoba 2024 manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Saboda haka mutane da yawa suka juya ga wutar da ake samu daga hasken rana, wadda ake kira sola, masu sayar da kayanta kuwa suka yawaita tun daga manyan birane har kasuwannin ƙauye.

Wannan al'amari ya shafi hakimai ta fuska biyu. Gidan hakimi ba ya rabuwa da baƙi, ga zaure, ga ofis, ga takardun da ake rubutawa har dare. Har ila yau abin da hakimi ya sa a gidansa shi dagatai da attajiran ƙasarsa za su kwaikwaya, kuma in rigima ta tashi tsakanin mai gida da ɗan kwangila, sau da yawa gaban hakimi ake fara kawo ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi takardun ƙiyasi biyu ko uku, a dubi jimlar kuɗin da ke ƙarshen kowace, a zaɓi mai araha. Amma fa jimla ba ta nuna kome sai an tabbata abu guda aka yi wa kuɗi.

Lissafin da ke kan malamin hakimi

Kafin a kira kowane ɗan kwangila, wajibi ne malamin hakimi ya zaga gidan da takarda da alƙalami. Kowane kayan lantarki yana da lamba a jikinsa mai nuna ƙarfin wutar da yake ja, watau wat. Sai ya rubuta wat ɗin, ya riɓa shi da yawan kayan, sa'an nan ya riɓa da awowin da ake kunna su a yini. Ga misali:

Ƙwan fitila 10, kowane wat 10, awa 6: 600
Fanka 4, kowace wat 60, awa 10: 2,400
Talabijin 1, wat 80, awa 5: 400
Firji 1, wat 100, awa 12 na aikin injinsa: 1,200
Cajin wayoyi da kwamfutar ofis: 400

Jimla 5,000 ke nan, watau yunit 5 irin wanda mita ke ƙirgawa. Sai kuma a ware abin da ake ci bayan faɗuwar rana, gama shi ne batir zai ɗauka. A wannan misali a ce 3,000.

Lalle a faɗi gaskiya a wannan lissafi. Dutsen guga yakan ja wajen wat 1,000. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama mai jan wat 800, in ta yi awa 8, ta ci 6,400, watau ita kaɗai ta fi gidan duka. Wanda ya ɓoye waɗannan don kada kuɗi ya yi yawa, kana ya jona su bayan an gama aiki, ba shi da ƙarar da zai kai.

Idan lissafi ya kammala, a kwafe shi kashi uku, a ba 'yan kwangila uku takarda iri ɗaya, a buƙaci kowanne ya zo ya ga gidan da idonsa. Wanda ya yanke kuɗi ta waya bai ga rufi ba, ƙiyasinsa ba abin dogara ba ne.

Gona, rumbu da ƙofa

Kayan sola manya uku ne, kuma manomi ba zai sha wuyar fahimtarsu ba. Farantan da ake shimfiɗawa a rana su ne gona. Batir shi ne rumbu. Inbata, wadda ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita ce ƙofar rumbun. Waɗansu 'yan kwangila sukan rubuta girman inbata da manyan haruffa, 5kVA ko abin da ya fi, don ya burge mai gida. Faɗin ƙofa ba ya ƙara dami ko ɗaya cikin rumbu. Kuma a jikin inbata da yawa 5kVA daidai yake da wat 4,000 kawai. Abin da za a tabbatar shi ne ta isa ta ɗauki kayan da ake kunnawa lokaci guda, tare da rara, domin firji da famfon rijiyar burtsatse sukan ja ninkin wutarsu sau da dama a daidai lokacin tashi.

Game da faranti, Allah ya hore wa ƙasashen Arewa rana, amma mai hankali yakan yi lissafi da awa 5 na cikakken haske a yini. In aka raba 5,000 da 5 za a sami wat 1,000. Wannan bai isa ba. Lambar da ke jikin faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, farantin da ke bisa kwano a bazara kuwa ya wuce haka nesa, kuma zafi rage masa ƙarfi yake yi. Ga ƙurar hunturu, ga hadarin marka, ga abin da ke salwanta cikin waya da inbata. Saboda haka a ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu zai ɓace. Faranti 3 masu wat 550, watau 1,650, za su riƙe gidan misalin nan.

Batir shi ne ya fi cin kuɗi, a nan ne kuma aka fi cutar mutane. Batir na dalma mai bolt 12 da lamba 200Ah yana ɗauke da 2,400, amma ba a so a ci fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Abin amfani 1,200 ke nan. Guda biyu ba za su kai gidan misalin nan asuba ba, sai an sa huɗu, tun da bibbiyu ko hurhuɗu ake jera su. Batir na lithiyam mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗauke da 5,120, ana kuwa iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, watau wajen 4,100. Guda ɗaya nasa ya kusa yin aikin huɗu na dalma.

Na lithiyam ya fi tsada ranar saye, amma maƙeransa sukan rubuta masa caji dubu uku ko fiye, na dalma kuwa da ƙyar yake kai rabin wannan, kuma zafin ɗaki yana gajarta masa kwana ƙwarai. Daidai ne malamin hakimi ya lissafa kuɗin shekara goma, ya sa kuɗin sake batir na dalma sau biyu ko uku a ciki, kana ya gwada. Ba a ce kowa sai ya sayi lithiyam ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya sayi na dalma, amma ya saya yana sane da abin da ke gabansa.

Abin da ba a rubuta ba

Idan takardu uku sun dawo, a ja layi a jera su gefe da gefe: wat na faranti gaba ɗaya, abin amfani na batir, ƙarfin inbata da wat, sunan kamfani da lambar kowane kaya. Kalmar "batir mai kyau" ba suna ba ce. Ana sayar da tsohon batir da aka sake wa fenti, da farantin da aka liƙa wa lambar da ta fi ƙarfinsa, don haka a nemi kayan da suka bi ta hannun hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Sau da yawa arahar takarda daga abin da aka tsallake take fitowa. A duba ko an rubuta kaurin waya, da cewa ta jan ƙarfe ce zalla ba alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ba, gama siririyar waya takan yi zafi har ta jawo gobara. A duba na'urar sarrafa caji, irin da ake kira MPPT ta fi PWM tara wuta. A duba abin katse wuta tsakanin batir da inbata, da sandar da ake kafawa cikin ƙasa, da abin kariya daga tsawa. Tilas ne kuma a sa makunnin canji wanda zai hana wutar gida komawa kan layin kamfanin lantarki, don kada ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa a 2015, ita ce ke ba masu aikin wayar lantarki takardar shaida, ba kuwa cin fuska ba ne a ce ɗan kwangila ya nuna tasa.

Maganar garanti ma tana son lura. Shekara 25 da ake ambata ta faranti ce kaɗai, kuma alkawari ne na maƙeri cewa ƙarfinsa ba zai ragu ƙasa da wajen kashi 80 cikin 100 ba. Garantin batir da na inbata da na aikin hannu daban ne, sun kuma fi gajarta. A rubuta kowane, da sunan wanda zai zo in abu ya lalace, da garin da yake zaune.

Tun da yawancin kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuɗinsu yana bin canjin dala. Kowace takarda ta nuna kwanan wata da yawan kwanakin da farashin zai tsaya.

Wurin kafawa da biyan kuɗi

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato 13, saboda haka faranti su fuskanci kudu, da ɗan jirkice na digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke su ya gangara. A dubi wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, a ga ko inuwar darbejiya ko ta tankin ruwa tana faɗowa, domin inuwa a kan faranti ɗaya tana rage ƙarfin dukan jerin. A ɗaure ƙarafunan da katakon rufi, ba da kwano kaɗai ba, saboda iskar farkon damina. Gidan soro ya fi kyau a yi masa rumfar ƙarfe a ƙasa, inda yara da awaki ba su kai. Batir kuwa a ɗaki mai sanyi da iska, ba ɗakin kwana ba.

Kada a biya kuɗi duka tun farko. A ba da kafin alƙalami a karɓi rasit, a biya kashi na biyu ranar da kaya suka iso malamin hakimi ya gwada lambobinsu da na takarda a gaban shaidu. Ragowar sai wutar ta kwana guda da dukan kayan da aka lissafa a kunne, ta kai asuba ba ta ɗauke ba. Bayan haka a buɗe littafi a ofishin hakimi, a shigar da ranar kafawa da lambobin kayan da takardun garanti, a kuma sa mutum guda ya riƙa wanke faranti da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, sau ɗaya a mako ko fiye in hazo ya sauka.