Darasi na 7: Takardar Tattara Rahoton Wata

Ɗan'uwa ma'aikacin lafiya, duk ƙarshen wata kana aika rahoto zuwa ofishin gundumar lafiya. A nan Kamaru ana kiransa RMA, kuma lambobinsa ake shigarwa a kwamfuta cikin tsarin DHIS2. Su ake dubawa a san yawan magani da allurar rigakafin da ɗakin shan maganinka yake bukata. In ka rubuta masu zazzaɓin cizon sauro 40 alhali 140 ne, magani zai ƙare maka a tsakiyar damina.

Takardar gwamnati tana da shafuka da yawa, ba ta cikuwa daidai a dare ɗaya. Saboda haka ka shirya taka takardar tattara lissafi sau ɗaya, ka riƙa yin kwafinta kowane wata. Ita muke kira uwar takarda. Ba a rubuta lamba a kanta.

Yadda za ka zana ta

A sama ka bar gurbin sunan asibiti, gunduma, wata, shekara da sunan mai cikawa. Layuka na kwance su ne abubuwan da ake ƙirgawa. Ka jera su yadda suke biye da juna a RMA, domin kwashewa ta zo da sauƙi:

1. Marasa lafiya: sababbin zuwa, da masu dawowa.
2. Zazzaɓin cizon sauro: waɗanda aka yi wa gwaji, waɗanda gwaji ya nuna cutar, da masu tsanani.
3. Awon ciki: zuwan farko, zuwa na huɗu, da masu shan Fansidar.
4. Haihuwa: masu rai, da waɗanda aka haifa ba rai.
5. Rigakafi: BCG, Penta 1, Penta 3, ƙyanda.
6. Tamowa.

Layuka na tsaye su raba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da sauran mutane, maza da mata. Ka ba kowane mako gurbinsa, jimla ta zo a ƙarshe. Duk ranar Juma'a ka kwashe na makon daga rajista, kana zana sanda huɗu, ta biyar ta gitta su.

Ma'anar kowane layi

Nan ne aka fi yin kuskure. A bayan uwar takarda ka rubuta ma'anar kowane layi, domin wanda ya canje ka ya ƙirga kamar yadda kake ƙirgawa. Misali, tamowa mai tsanani ita ce yaro daga wata 6 zuwa 59 wanda awon damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura. Mai ciki kuwa sau ɗaya tak ake sa ta a "zuwan farko", ko da ta zo sau uku a watan.

Kada ka bar gurbi fanko. Sifiri yana nufin an duba, ba a samu ba. Fanko yana nufin ba a ƙirga ba.

Gurbin magani

Kowane magani ya sami gurbi biyar: abin da aka shiga wata da shi, abin da aka karɓo, abin da aka bayar, abin da ya lalace, da saura. A ce ka shiga wata da kayan gwajin zazzaɓi 200, ka karɓo 300, ka yi aiki da 380, guda 10 sun lalace. Saura 110 ke nan. Ka je ka ƙirga da hannunka. Sauran wannan wata shi ne mafarin wata mai zuwa. In kana da Excel, ka sa ya yi lissafin, ka kulle gurabensa.

Daidaita ta da wurinka

Layukan gwamnati ba a share su, ba a sauya musu wuri. Naka ƙarin ka sa shi a ƙasa. Inda ake yawan saran maciji ko cizon kare, a ba su layi. A garuruwan kan iyaka irin Garuwa-Bulai, da inda makiyaya ke ratsawa, ka ware layin waɗanda suka zo daga wajen yankinka, in ba haka ba lissafin rigakafinka zai nuna fiye da gaskiya. Ka bar layi uku babu suna. A Janairun 2024 Kamaru ta soma rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara a waɗansu gundumomi. Irin wannan sabon abu ne ake bar wa wuri. Duk gyaran da ka yi, ka rubuta ranarsa, ka janye tsofaffin kwafi.

Karanta kafin ka aika

Ka gwada Penta 1 da Penta 3. In yara 50 suka karɓi ta farko, 40 kaɗai suka kai ta uku, 20 cikin 100 sun tsaya a hanya. Abin da ya wuce 10 cikin 100 yana bukatar a bi gida gida. Amma kwalara, sanƙarau, ƙyanda da shanyewar ƙafar yaro farat ɗaya ba sa jiran ƙarshen wata. Ka buga wa gunduma waya a ranar.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin sifiri da fanko?
2. A ina za ka sa layin da ka ƙara?
3. Waɗanne cututtuka ne ba sa jiran rahoton wata?