Darasi: Yadda Ake Toshe Yoyo da Silikon

A ƙasar Madarunfa damina takan kankama a watan Yuni. Ruwa yakan yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Manomi yana murna da ruwa a gonarsa. Amma ba mai murna da ruwa a cikin ɗaki.

Yau a Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Ɗan Isa, ɗakunan kwano sun yi yawa. Wasu kuma sun sa tagogin ƙarfe masu gilashi. Kwano yana da ƙarko, amma da ƙusa ake kafa shi, kowace ƙusa kuwa ta huda rami. In kwano ya tsufa ramin yakan buɗe. Daga nan sai yoyo.

YOYO BA ƘARAMIN ABU BA NE

Ga misali. Rufin ɗaki yana da tsawon mita 5, faɗin mita 4. In aka yi ruwa na milimita 30, lita 600 ce take zuba a kansa. Jarka 30 ke nan, kowace mai cin lita 20. Ko kaɗan ne ya shiga ɗaki, ya isa ɓarna. Buhun gero ya jiƙe. Irin shuka ya lalace. Itacen rufi ya ruɓe. Bangon laka ya sha ruwa, ya tsage. A daminar 2024 an yi ruwa mai yawa a jahar Maradi, gidajen ƙasa da yawa suka rushe, har aka rasa rayuka. Rigakafi ya fi magani.

MENE NE SILIKON?

Silikon wani danƙo ne mai kauri. Yana zuwa cikin kwalbar roba mai baki mai tsini. Ana samunsa a Maradi, wajen masu sayar da kayan gini. Ana sa kwalbar cikin wani ƙarfen matsawa da ake kira bindiga. In silikon ya bushe sai ya zama kamar roba. Ruwa ba ya ratsa shi, kuma yana jure rana.

Silikon iri biyu ne. Na farko yana da wari mai tsami mai shiga hanci. A jikin kwalbarsa an rubuta ACÉTIQUE. Wannan na gilashi ne, yana sa kwano tsatsa. Na biyu ba shi da wannan wari. A jikinsa an rubuta NEUTRE, ko NEUTRAL in daga Najeriya ya zo. Shi ne na kwano da ƙarfe da siminti.

Nan ga amfanin karatu. Wanda ya yi makarantar yaƙi da jahilci zai duba kwalba da kansa, ya gane rubutun. Zai kuma duba ranar lalacewa, domin tsohon silikon ba ya bushewa daidai.

MAƘWABTA BIYU

A ce maƙwabta biyu ne suka sayi silikon rana ɗaya. Na farko ya hau rufi da tsakar rana. Bai share ƙura ba. Ya yanke bakin kwalba da faɗi, ya yi ta dankara silikon a kan kowace ƙusa. Kwalba ta ƙare, aiki bai kai rabi ba. Da ruwa ya sauka, sai ya bi ta ƙarƙashin dunƙulen ya shiga ɗaki, domin silikon ƙura ya kama, ba kwano ba.

Na biyu ya fara da sassafe. Ya share, ya kankare tsatsa, ya sa kaɗan, ya shafe sumul. Kwalba ɗaya ta ishe shi. Geronsa ya kwana a bushe.

Ashe kyan aiki ba don ado kaɗai ba ne. Silikon da aka shafe sumul shi ne ya shiga rami ya kama. Mai tudu da kwari yana tare ruwa da ƙura, ba ya daɗewa.

KAYAN AIKI

Silikon da bindigarsa, reza ko wuƙa mai kaifi, busasshen tsumma, burushin ƙarfe, takarda mai danƙo irin ta masu fenti, da ɗan ruwan sabulu a gwangwani.

YADDA AKE YI

1. A zaɓi lokaci. Bazara ta fi, tun ruwa bai sauka ba. A yi aikin da safe, kwano bai yi zafi ba, kuma a ranar da babu iska mai ƙura.

2. A share wurin. A kankare tsatsa da burushi. In akwai tsohon silikon a cire shi duka da reza, domin sabo ba ya kama tsoho da kyau. A goge da tsumma. Wurin ya zama busasshe, ba ƙura, ba maiƙo.

3. In taga ce, a manna takarda mai danƙo layi biyu, ɗaya a jikin gilashi, ɗaya a jikin ƙarfe. A bar tsagar a tsakiya, faɗin kamar milimita 5.

4. A yanke kan kwalba, a ɗaura bakin. A yanke bakin a karkace, kamar yadda almajiri yake fiƙe alƙalaminsa. A fara da ƙaramin rami. In ya yi kaɗan a ƙara yankewa. In ya yi yawa ba shi da gyara.

5. A gwada hannu a kan wani tsohon kwali tukuna.

6. A riƙe bindiga a karkace. A matsa kunama a hankali, a ja hannu bai ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kada a yi sauri, kada a tsaya a tsakiya. In an kai ƙarshe a danna ɗan ƙarfen da ke bayan bindiga, don silikon ya daina fita.

7. A shafe nan take. A tsoma yatsa cikin ruwan sabulu, a bi layin sau ɗaya, ana ɗan dannawa. A goge yatsa a tsumma. Cikin minti 10 zuwa 20 saman silikon yakan fara bushewa. In aka taɓa shi bayan haka sai ya yamutse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8. A cire takardar tun silikon yana ɗanye. Sai a ga layi ya fito tsaf, kamar an ja shi da zare.

9. A bar shi ya bushe. Kada a taɓa shi, kada a zuba masa ruwa sai ya kwana ya wuni. Kaurin milimita 2 zuwa 3 yake bushewa a rana ɗaya. Danshin iska ne yake busar da shi, saboda haka a lokacin hunturu yakan ƙara jinkiri.

IN KAN KWANO NE

A fara duba ƙusa. In tana rawa a cire ta, a buga sabuwa mai hula. Sannan a zagaye kanta da silikon kaɗan, a shafe ya rufe ƙusar, gefensa ya kwanta a jikin kwano. Kada a tara shi cikin kwarin kwano, domin nan ce hanyar ruwa. In rami babba ne, silikon kaɗai ba zai iya ba. Sai a yanko guntun kwano, a shafa silikon a ƙarƙashinsa, a rufe ramin, a kafe shi.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Kada a jiƙa tsaga da ruwan sabulu kafin a sa silikon. Sabulu na yatsa ne kawai.

Silikon ba ya kama laka. In bangon ƙasa ya tsage, maganinsa yaɓe, yadda magina suka saba.

Fenti ba ya zama a kan silikon. A zaɓi launin da ake so tun wajen saye.

Kada a toshe tulu ko randar ruwan sha da shi.

Mai hawa rufi ya taka layin ƙusoshi, inda itace yake a ƙarƙashi. Wani ya riƙe masa tsani.

In aikin cikin ɗaki ne a buɗe ƙofa da taga. A kiyaye ido. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Kada a bar shi inda yara za su ɗauka.

In silikon ya ragu a toshe bakin da ƙusa, a ajiye a inuwa. Kwalbar da aka buɗe ba ta daɗewa. Ya fi kyau maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su yi aikinsu rana ɗaya.

Mai gidan da ya gyara rufinsa a bazara, in hadari ya taso da dare, sai ya gyara kwanciya ya yi wa Allah godiya.

TAMBAYOYI

1. Wane irin silikon ake sa wa kwano? Me aka rubuta a jikin kwalbarsa?

2. Don me ake share ƙura kafin a fara?

3. Yaushe ake cire takarda mai danƙo?

4. Me ake yi wa bangon laka in ya tsage?

LISSAFI

Kwalba mai mililita 300 tana jan layi na kimanin mita 12, in faɗinsa da zurfinsa milimita 5 ne. Taga ɗaya tana da gefe 4, kowane gefe mita 1. Taga nawa kwalba ɗaya za ta yi?

A tattauna wannan darasi a aji tare da malami. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.